An saye kamfaninmu na riɗi, sababbin masu shi na so in rubuta musu duk abin da na sani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 9 ke nan ina saya wa wani kamfani riɗi da zoɓo, daga ƙauyukan Gagarawa har kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Bayan babbar salla wani kamfanin Indiya ya saye namu. Ba su kori kowa ba, amma sun turo fom a kwamfuta, wai kowa ya zuba abin da ya sani: manoman da yake hulɗa da su, lambobin wayarsu, da yadda yake tantance kaya.

Ni dai abin da na sani ba ya shiga fom. Hannu nake zurawa cikin buhu har gwiwa, in na ji sanyi-sanyi na san an kakkaɓe riɗin tun bai gama bushewa a tsaye ba. In tauna ƙwaya biyu in gane ko an gauraya na bara. Su kuwa lamba suke so, danshi kashi nawa cikin 100. Sannan in na juye musu komai, me zai hana su ce sun gode, su sallame ni? Ina da iyali. Ga taron Zoom, Turancinsu da ƙyar nake kamawa, sabis kuma sai yankewa yake. Ku ba ni shawara don Allah.

Tsohon mai kula da sito, Gumel: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, sai da ɗan gari akan ci gari. Lambar wayar manomi ba ita ce amanar manomi ba. Wanda ka ranta wa kuɗin taki a damina, ka je ta'aziyyar mahaifinsa, ba zai kai wa baƙo kayansa don an kira shi daga Mumbai ba. Ka ba su ilimin, amma kada ka tsaya a fom. Ka ɗauki bidiyo a bakin sikeli kana gwada buhu da hannu, sannan a auna buhun da na'urar danshi, a rubuta lambar. In ka yi haka da buhu 20 suka ga hannunka da na'urarsu sun dace, su da kansu za su riƙa nemanka. Kuma komai ka tura, sunanka da kwanan wata su kasance a kai.

Wata 'yar'uwa, Kano: Malam, batun lambobin nan ka yi hattara. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ba a miƙa lambar mutum ga wasu, balle a ƙasar waje, ba tare da hujja ko yardarsa ba. Ka tambayi manoman tukuna.

Direban tirela, Malam Madori: Kai ma ka tambayi sababbin masu kamfanin mana! Su ne ke ganin inda kaya ke sauka. Meziko ta taɓa dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya saboda ƙwaron sito, mu nan sai dai muka ga farashi ya faɗi ba mu san dalili ba. Ka ce su nuna maka me ke sa a ƙi kwantena.

'Yar'uwar Kano ta ƙara: Indiya na gabanmu da awa 4 da rabi, ƙarfe 9 na safenmu 1:30 ce a wurinsu. Ka nemi taron safe, ban da Alhamis da Juma'a, kuma a turo abin da aka tattauna a rubuce ta WhatsApp.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, ranar Lahadi zan fara bidiyon a kasuwar Gujungu. Na'urar danshin ɗaya ce a sitonmu, tana hannun manaja, gobe da safe zan je in roƙe shi aro.