Gane Karkataccen Tunani a Wajen Matasa

Da muka tattauna da wasu iyaye da malamai, abin da aka fi jaddadawa shi ne a kasa kunne ga kalaman yaro. Ya faɗi jarrabawa ɗaya tak, sai ka ji ya ce, "Ni dai ba ni da amfani." Ƙawa ta yi jinkirin amsa saƙo, sai yarinya ta yanke cewa an tsane ta. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya fayyace irin wannan karkataccen tunani tun shekarun 1960.

Wata malama ta ce kada a ja da yaron, kuma na yarda da ita. A tambaye shi cikin lumana, "Mece ce hujjarka?" An kuma tunatar cewa gaban ƙwaƙwalwa, mai auna al'amura, yakan ci gaba da girma har wajen shekara 25.