Injiniyan soja ma yana shiga fagen daga ne?

Mai_Tambaya:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masana tarihi ku taimaka min. Na ga an ce wani injiniyan sojan Kanada mai suna Coulson Norman Mitchell ya samu lambar Victoria Cross a yaƙin duniya na ɗaya, to ni dai a tunanina injiniya gada da hanya kawai yake ginawa a bayan mayaƙa, me ya yi har aka ba shi babbar lambar jarumta?

Dattijo:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai sau da yawa su ne a gaba ma. Shi mutumin Winnipeg ne, an haife shi a 1889, kyaftin ne lokacin. Daren 8 ga Oktoba 1918 wayewar 9, kusa da Cambrai a Faransa, Jamusawa suna ja da baya sun ɗaura nakiyoyi a gadojin mashigin ruwan Escaut don su tarwatsa su, shi kuma ya ɗauki 'yan mutane kaɗan suka riga sojan ƙasa isa wajen. Gada ɗaya sun tarar an riga an fasa ta. Ya ruga ya haye babbar gadar cikin duhu bai ma san me ke jiransa a tsallake ba, shi da sajensa suna laluben wayoyi suna yankewa sai ga abokan gaba sun taso, suka raunata mai gadinsa, ya koma ya kai masa ɗauki, ya kashe 3 ya kama 12, ya riƙe bakin gadar har agaji ya zo, sannan ya koma kan cire nakiyoyin ana ta ruwan wuta. Wallahi duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi, don fa ya san kowane lokaci za a iya tayar da su yana kai.

Yar_Makaranta:
Baba ka faɗi gaskiya. Kuma shi kaɗai ne injiniyan sojan Kanada da ya taɓa samun wannan lamba, ya sake sa kaki a yaƙi na biyu, sai 1978 ya rasu.

Mai_Tambaya:
Ikon Allah! Na gode Baba. To da gadar ta tafi fa?

Dattijo:
Da sai a tsaya a kafa wata ana harbinsu, kuma su dai injiniyoyin ne za su kafa ta, rayuka da yawa da sun salwanta a bakin ruwan nan.