Shawarwari ga mai son fara haɗa sabulu a gida

A hirar da masu haɗa sabulu suka yi a Tudun Wadan Zariya, soda (wato kostik soda, sinadarin da ake haɗawa da mai a yi sabulu) aka fi ja wa sababbin shiga kunne a kanta: ita ake zubawa cikin ruwa, ba a kwara mata ruwa, don tana iya fallatsa ta ƙona mutum. A sa safar hannu, a kori yara. Tukunyar alminiyam kuwa soda na cin ta. Bokitin roba mai kauri ya fi.

Wata Hajiya ta dage kan sikeli, wai awon gwangwani ke ɓata sabulu. Na yarda da ita.

A fara da alayyadi kilo 1. In an yanka sabulun, ya sha iska sati 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da shi.