An yi wa ɗana alkawarin gurbi da baki, babu takarda

Salamu alaikum. A jihar Ohio ta Amurka muke, ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare, yana buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Kociyan wata jami'a ya ce ya zo, akwai gurbi a ƙungiya amma ba tallafin karatu, sai idan ya yi ƙoƙari daga baya. Yaron ya amsa da baki, har ya ƙi tayin wata ƙaramar kwaleji mai rabin tallafi. Wannan ne ke hana ni barci.

Mun yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, an karɓi sakamakonsa. Saƙon imel uku na tura wa kociyan, amsarsa ɗaya: "Ku kwantar da hankali." Ofishin tallafin karatu kuma suka ce sunansa ba ya wurinsu.

Ga shi tun sasancin kotu na Yunin 2025 tsakanin NCAA da 'yan wasa an soke iyakar 'yan wasa 85 masu tallafin karatu a jami'o'in da suka shiga tsarin, an ƙayyade 'yan wasa 105 kacal a kowace ƙungiya. Masu biya wa kansu nake jin za a fara sallama.

Akwai takardar da za mu nema wadda za ta tabbatar masa da gurbi cikin 105 ɗin, kafin mu biya kuɗin makaranta?