Muna gaba kafin hutu, ana dawowa sai mu zube

Ɗan Benci:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'armu ta sa ni a gaba. Wasa 3 ke nan a jere muna zuwa hutun rabin lokaci da ratar maki 10 ko fiye, ana dawowa sai ka rantse an sauya yaran ne. Jiya har gwaninmu ya koma dukan bakin zobe. Waɗanda suka taɓa bugawa, me ke kawo wannan?

Dogo:
Wa alaikumus salam. Ai ka faɗi amsar da bakinka. Jifa daga ƙafa take tasowa, hannu rakiya kawai yake yi. Ƙafa na mutuwa, ƙwallo ba ta kaiwa. Shekara 3 na buga wa makarantarmu, mu 12 ne a takarda, amma mutum 6 kocinmu ya yarda da su. Ni kaina na sha tsayawa na dafa gwiwa, ina jan gajeren wandona, ina kallon wanda nake tsaro ya wuce ni kamar ban gan shi ba. Ga siminti da zafin rana, ga yara shida a benci suna hamma. Ka duba mutum nawa kocinku yake sakawa kafin hutu.

Baƙon Amurka:
Gaskiyar Dogo. Ina ɗakin kwanan ɗalibai na kalli wasan ƙarshe na NCAA, gasar jami'o'in Amurka, na 2022. North Carolina ta tafi hutu tana da 40, Kansas 25. Abokan zamana har sun fara murna. Aka tashi Kansas 72, su 69. Carolina kusan mutum 5 ta dogara da su duk gasar, ɗan wasanta Armando Bacot kuma da ciwon idon sawu ya shiga. A nan maza rabi biyu suke yi, minti 20 kowanne, ba kashi 4 na minti 10 irin na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da muke bi a gida ba. Ƙungiya na cika keta 7 a rabi ɗaya, abokan hamayya sun fara samun jifan kyauta. Wanda ya gaji kuwa da hannu yake tsaro, sai usur.

Mai Usur:
Ku yi haƙuri, ba duka ne gajiya ba. Na yi alƙalancin wasannin ɗalibai, kuma teburinmu kusa da benci yake, ana jin komai. Kocin da ake ci yakan zauna da allo, ya sauya tsaro daga mutum da mutum zuwa tsaron yanki. Kocin da ke gaba kuma "ku ci gaba haka" kawai yake cewa. An toshe ƙarƙashin kwando, yaransa suna ta jifa daga nesa. Sai babban ɗan wasansa ya yi keta ta 4, a zaunar da shi don kada ya cika 5 a kore shi. Shi ke nan.

Yayar 'Yan Wasa:
Ƙanena ba gajiya ba ce, ciki ne. Leda 3 ta ruwa yake kwankwaɗa a hutu, ya koma fili yana jin ruwan na kaɗawa. Da ya koma kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga farkon wasa, abin ya yi sauƙi.

Ɗan Benci:
Na je na duba takardar wasan jiya. Mutum 7 suka shiga, na bakwai ɗin minti 2 ya yi. Malam Dogo, yaya ake gaya wa koci wannan ba tare da ya ce an raina shi ba?