Shin ƙaton baƙon halitta na fim zai iya tsayuwa a doron duniyarmu?

Ɗalibi daga Gusau:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. A finafinan da ake nuna halittun wasu duniyoyi, sau da yawa ana kawo wani ƙato mai siffar mutum, wanda tsawonsa ya ninka namu sau goma, yana ratsa gari a guje da siraran ƙafafu. Na san labarin ƙage ne, amma ina so in ji hukuncin lissafi da kimiyyar fiziks a kansa: idan aka sauke irin wannan halitta a nan, za ta iya tsayuwa kuwa?

Malamin lissafi, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Amsar ita ce a'a, kuma Galileo, masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya, ya bayyana dalilin tun a shekarar 1638. Idan ka ninka tsawon abu sau 10 ba tare da ka sauya siffarsa ba, faɗinsa da kaurinsa su ma sun ninku sau 10, saboda haka nauyinsa zai ƙaru sau 1,000. Ƙarfin ƙashi kuwa ya dogara ne ga faɗin fuskarsa idan aka yanke shi a gicciye, kuma wannan sau 100 kawai zai ƙaru. Mutum mai kilo 70 zai koma tan 70, kowane yanki na ƙashin cinyarsa yana ɗauke da ninki goma na abin da ya saba ɗauka. Tsayuwa kaɗai za ta kai shi gaɓar karaya, balle gudu. Ka dubi giwa, wadda babban namijinta yake kai kimanin tan 6: ƙafafunta kamar turmi suke, a miƙe ƙyam ƙarƙashin jiki, kuma ba ta tsalle ko kaɗan.

Malama daga Talata Mafara:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin ya kamata a yi wa baƙon adalci, tunda ba a nan aka halicce shi ba. Nauyi yana bin ƙarfin jan da kowace duniya take yi wa abin da ke kanta. A duniyar Mas wannan jan kashi 38 ne cikin ɗari na namu, a kan watan da ke haska mana dare kuma kashi ɗaya ne cikin shida. Masu fim ɗin Avatar na 2009 sun kula da wannan, domin mutanensu masu tsawon kimanin mita 3 suna zaune ne a inda jan ya gaza na duniyarmu, kuma an faɗa a cikin labarin cewa ƙasusuwansu na da ƙarin zaren kabon, wani zare mai ƙarfi da rashin nauyi. Na lissafa cewa mai irin wannan tsawo zai ninka mutum mai mita 1.7 sau biyar da rabi a nauyi, alhali ƙarfin ƙashinsa sau uku kawai ya ƙaru, don haka gyaran nan biyu da suka yi yana kan hanya. Shi kuwa ƙaton ɗalibinmu yana buƙatar jan da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na namu ba, kuma duniyar da janta ya yi rauni haka da wuya ta riƙe iskar da zai shaƙa, tunda wata ma bai riƙe ba.

Injiniya daga Argungu:
Malama ta yi gaskiya, kuma ina so in juya tambayar zuwa ga baƙon da girmansa irin namu ne, wanda yake tsallake dogon bene da tsalle ɗaya. Domin ya kai mita 200 a sama, dole ya bar ƙasa da gudun kimanin mita 63 a daƙiƙa, wato fiye da kilomita 220 a sa'a. Wannan gudu kuma a cikin rabin mita zai same shi, daga durƙuso zuwa miƙewa, wanda yake nufin cewa idan nauyinsa kilo 100 ne, zai danna ƙasa da ƙarfin da ya kai nauyin tan 40. Ko da mun yarda cewa tsokarsa za ta iya, ƙasar da ya taka sai ta mayar masa da irin wannan ƙarfi kafin ya tashi. A kan daɓen siminti zai bar tsaga, a fadamar shinkafarmu ta Argungu kuwa ƙafafunsa ne za su nutse cikin laka, shi kuma yana nan bai tashi ba.

Ɗalibi daga Gusau:
Na gode ƙwarai, malamaina. Zan gwada wannan lissafi a kan halittu masu fukafukai, domin idan faɗin fiffike sau 100 yake ƙaruwa yayin da nauyi yake ƙaruwa sau 1,000, ina zaton su ma ba za su tashi ba. Malam, ina roƙon ka duba mini sakamakon idan na kawo shi.