Fitilar daskarar da farin ciko: me kuka gani a bakin cikon?

Likitan haƙori, Farin Gada:
Assalamu alaikum. Abokan aiki na nan Jos, fitilun da ake kawo mana yanzu suna da maɓallin da haske ke farawa kaɗan-kaɗan sannan ya ƙaru. Hujjar masu yin su ita ce kwamfosit, wato farin cikon da ake daskararwa da haske, yana tsukewa in yana daskarewa, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, to in ya daskare sannu a hankali ba zai fizge daga bangon kogon haƙori ba. Wa ya ga bambanci da idonsa?

Likita, Rayfield:
Wa alaikumus salam, Dakta. Na yi aiki da maɓallin, na yi babu shi, ban ga wani abin a zo a gani ba. Masu bincike ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Abin da na ga yana riƙe bakin ciko shi ne yadda ake zubin. Ba na wuce kaurin milimita 2, in jingina kowane zubi da bango a karkace, in haska shi daƙiƙa 20, mai duhun launi in ƙara masa lokaci. Kogon saman turmi, wato haƙorin tauna, ya fi wuya, don bango biyar ke jan cikon, fuska ɗaya kawai ke sake. In aka danna shi gaba ɗaya, ana gama gogewa sai ka ga siririn farin layi a gefe. Kwana biyu mai haƙori ya dawo yana cewa, "Likita, in na sha ruwan sanyi har cikin kaina nake ji."

Hajiya likita, Bukuru:
Ƙannena, ku bar maganar maɓalli, ku dubi hannunku. Cikon da ake kawo min a sake, kusan kullum daga wuri ɗaya yake yoyo: tsakanin haƙora biyu, can ƙasa kusa da dasashi. Nan ne ya fi nisa da bakin fitila, ga ƙarfen da aka kewaye haƙorin da shi yana tare haske, kuma sau da yawa babu inamel, wato ɓawon haƙori mai tauri, a wurin, shi kuwa dentin da ke ƙarƙashinsa ba ya kama gam kamar inamel. Saman ya yi tauri, ka ƙwanƙwasa ka ji daɗi, ƙasan kuwa bai nuna ba, kamar wainar da wuta ta yi wa yawa. Ni zubin farko nakan yi shi siriri, in ninka lokacinsa, in kafa bakin fitila a miƙe daf da haƙorin. In na cire ƙarfen sai in sake haskawa ta wajen kunci da ta wajen harshe. Kuma ku sa tabarau mai ruwan lemo ku kalli abin da kuke yi. Wanda ya kau da kai don gudun shuɗin hasken, hannunsa zai zame bai sani ba.

Mai taimaka wa likita, Terminus:
Gaskiya ne, Hajiya. Mu da ke wanke kayan aiki muna ganin busasshen kwamfosit manne a bakin fitila, wani ma gilashin ya tsage. Hasken yana nan shuɗi, ido ba zai gane ya yi rauni ba sai an ɗora shi a kan na'urar awon haske. Tsohuwar fitilarmu mai ƙwan halojin kuma in wutar lantarki ta yi ƙasa ita ma ƙasa take yi, shi ya sa muka koma LED mai batir.

Ɗalibar likitancin haƙori, Lamingo:
Ranku ya daɗe, ni abin da na lura da shi sanyin Jos ne. Da safe a hunturu kwamfosit yakan yi tauri, ya ƙi kwanciya a bango, ya biyo ƙarfen dannawa in an ɗaga.

Hajiya likita, Bukuru:
Kin lura da kyau, 'yata. Ki fito da shi daga firij da wuri, in akwai na'urar ɗumamawa ki sa shi ya yi laushi. Amma kafin duk wannan ki tsare wurin daga miyau. In babu robar killace haƙori, a canja auduga kafin ta jiƙe, mai zuƙar miyau kuma kada ya matsa sai kin gama zubin ƙarshe.